Aikin Gayya A Kan Tsohon Jirgin Sama

'Yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in ba ku labarin wani ƙaramin gari a ƙasar Kanada, da wani tsohon jirgin sama wanda mutanen garin suka yi shekara fiye da 60 suna ɗawainiya da shi. Ba wanda ya tilasta musu, galibinsu kuwa ba mai biyansu ko anini. Mu a nan in an ce gayya, sai mu tuna da gona, ko yaɓen ɗaki, ko gyaran hanya bayan damina. To, su tasu gayyar a kan jirgin sama suka yi ta.

Sunan garin Nanton, yana cikin lardin Albata, tafiyar kamar awa ɗaya a mota kudu da birnin Kalgari. Mutanensa 2,000 ne da 'yan kai, watau wata unguwa guda ta Kano ta fi shi jama'a nesa ba kusa ba. Manoman alkama ne da makiyayan shanu. Amma a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, an cika wannan yanki da filayen koyon tuƙin jirgi, gama ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tana kuma nesa da bakin dāga. Samari fiye da 130,000 aka horar a Kanada don aikin jirgin yaƙi. Saboda haka mutanen wurin sun saba da rugugin jirgi tun suna yara, waɗansu kuma 'yan'uwansu sun tafi ba su komo ba.

Shi jirgin da na ke magana a kai irin wanda a ke kira Lancaster ne, mai ɗaukar bom. Injinsa huɗu, mutum bakwai ke aiki a cikinsa, daga bakin wannan fiffike zuwa wancan kuwa ƙafa 102. An ƙera irinsa 7,377, daga ciki 430 a Kanada. Wannan ɗin a 1945 aka gama shi, bai kai ga shiga yaƙin ba aka yi sulhu. Daga baya ya yi aikin sintiri a kan teku, har ya tsufa, aka kai shi wani tsohon filin soja kusa da garin Vulcan, yana jiran a sassare shi a sayar da ƙarfen.

A 1960 mutum uku na Nanton suka haɗa kuɗi suka saye shi dala 513. Saye ya yi sauƙi, kai shi gida ne aiki. Tsakanin filin da garin kimanin mil 17 ne, jirgin kuwa ya fi ƙarfin faɗin hanya. Sai suka dakata har aka gama girbi, suka ɗaura shi a bayan babbar mota, suka ratsa da shi ta cikin gonaki. Waɗansu mutane na gaba suna kwance wayar shinge, waɗansu na biye suna mayar da ita, don kada shanun mutane su watse. Har wani ɗan kogi suka haye da shi. Da suka iso sai suka girke shi a bakin babbar hanya, kowane matafiyi ya gani.

Nan fa labarin ya ɓaci. Shekara 31 jirgin ya yi a fili, ba inuwa ba rufi. Rana ta buge shi, dusar ƙanƙara ta danne shi, tsuntsaye suka yi sheƙa a ciki, kashinsu kuwa cin ƙarfen alminiyam ya ke yi. Amma ɓarnar mutane ta fi ta tsuntsaye. Aka farfasa gilasai, aka kwance agogunan da ke gaban matuƙi, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai ya tafi da shi gida. Da na zo nan a karatuna sai kunya ta kama ni, don na tuna da tsohuwar motar itacen nan da ke bayan ɗakin koyon sana'a. Sa'ad da muka zo aji ɗaya tana da fitilu da madubi da kujera. Yau je ku duba. Ni kaina akwai wani noti nata a cikin akwatina, ban ma san abin da zan yi da shi ba. Ba wanda ya sace motar, amma ga ta nan ta ƙare.

A 1986 aka kafa Ƙungiyar Lancaster ta Nanton. Abin da ya fi ba ni sha'awa game da su shi ne ba su fara da fenti ba, ba su kuma fara da inji ba. Rufi suka fara nema. Sun gane duk gyaran da aka yi wa jirgi yana waje, aikin baban giwa ne, sanyin shekara biyu ya isa ya mayar da shi yadda ya ke. Shekara biyar suna tara kuɗi, a 1991 suka tura shi cikin ginin da suka yi masa. Daga nan ne wurin ya zama gidan tarihi sosai, aka yi ta ƙara gini, aka yi ta ƙara jirage.

Ina suka sami kuɗi? Ba wani attajiri guda da ya ɗauke musu nauyin. Da kaɗan-kaɗan ne. Akwai kuɗin shiga ƙungiya da mutum ke biya shekara-shekara, ko yana wata ƙasa, a riƙa aika masa da labarin yadda aiki ke tafiya. Akwai ɗan kanti a ƙofa inda a ke sayar da riguna da huluna da littattafan da 'yan ƙungiyar suka rubuta da kansu. Shekaru da yawa ba su yanka wa baƙo kuɗin shiga ba, akwati kawai suka ajiye, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Wata gudummawar kuma ba ta kuɗi ba ce. Bayan yaƙi gwamnati ta yi gwanjon ƙananan jiragen koyon tuƙi da araha, manoma suka saya don su ciri tayoyi da wayoyi da tankuna, suka bar gangar jikin a bayan gida. 'Yan ƙungiyar suka bi gona-gona suna roƙon waɗannan ragowa. Abin da wani ya ɗauka bola ne, a wurinsu dukiya ce, domin kamfanin da ya ƙera kayan ya daɗe da daina yin su.

Yanzu bari in zo kan inji, gama nan ne na fi jin daɗin labarin. Injin Lancaster sunansa Merlin. Kowane ɗaya silinda 12 gare shi, kowace silinda kuma fulogi biyu. Ku lissafa: inji huɗu, silinda 48 ke nan, fulogi 96. Wanda ya taɓa ganin bakanike na fama da janareta mai fulogi ɗaya tak ya san abin da na ke nufi. Injin da ya yi shekaru bai motsa ba, mai ya kan daskare a cikinsa, fistin ya manne, roba ta bushe ta tsage. Ba yadda za a yi sai a sauke shi, a wargaza shi ɗaya-ɗaya, a wanke, a auna kowane ƙarfe a ga ko ya cinye, sa'an nan a mayar bisa ga littafin masu ƙira. Abin da ya ɓace a nemo shi wajen wani gidan tarihi a yi musaya, in ba a samu ba a ƙera sabo da hannu. Masu wannan aiki kanikawa ne, da manoma, da tsofaffin da suka huta da aiki, suna zuwa da yamma ko ran hutu. A 2005 inji na farko ya tashi. Na huɗun bai tashi ba sai 2013. Shekara takwas ke nan, watau yaron da ya shiga aji ɗaya ran da na farko ya yi kuka, ya gama makarantarmu har ya yi shekara biyu a gida kafin a ji muryar huɗun tare.

Tashin injin nan ya zama musu hanyar samun kuɗi, ya kuma zama bikin gari. A watannin zafi su kan sa ranaku, a turo jirgin waje, a ja igiya, jama'a su taru daga garuruwa na nesa. A ta da inji ɗaya, farfela ta juya a hankali, hayaƙi ya tashi, sa'an nan na biyu, har huɗu. Wani lokaci da dare a ke yi, don a ga harshen wuta na fita daga bututun hayaƙi. A irin wannan rana akwati kan cika, masu abinci a gari su yi ciniki, yara su shiga cikin jirgin su ga ƙuncin wurin da mutum bakwai ke zama. Daga cikin yaran nan ne ƙungiyar ke fatan samun masu gadon aikin, don waɗanda suka fara sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya.

A 1990 suka sa wa jirgin sunan wani matuƙi, Ian Bazalgette, haifaffen Kalgari. Ran 4 ga Agusta 1944 aka harbi jirginsa a sararin Faransa, wuta ta kama. Ya umarci mutanensa su dira da laima, huɗu suka dira, amma biyu ba su da halin fita. Sai ya ƙi barinsu, ya kauce wa wani ƙauye ya sauke jirgin a gona, jirgin ya fashe, su uku suka mutu. An ba shi Victoria Cross, lambar jarumtaka mafi girma ta Ingila. A 2005 kuma aka gina bango na baƙin dutse a ƙofar gidan, da sunayen 'yan Kanada fiye da 10,000 da suka mutu a rundunar jiragen bom.

A nan akwai abin da ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Lancaster ba jirgin alhazai ba ne. Irinsa ne suka ƙone birnin Hamburg a 1943, inda mutum wajen 40,000 suka hallaka, da Dresden a 1945, akasarin matattun kuwa ba soja ba ne. Sunayensu ba su kan bangon Nanton. Na yi gardama da wani abokina a kan wannan, shi yana ganin bai kamata a yi biki a gindin abin kisa ba. Ni dai ra'ayina shi ne gara a ajiye shi. Wanda ya tsaya a ƙarƙashinsa ya ga ramin bom mai tsawon ƙafa 33, ya fi wanda ya karanta a littafi sanin abin da a ke nufi da yaƙi. Amma abokin nawa bai yarda ba har yanzu, ni ma ban ce na kayar da shi ba.

Wani zai tambaya, tun da inji huɗu na aiki, me ya hana shi tashi? Tashi wani sha'ani ne dabam. Sai hukuma ta binciki kowane ƙarfe na fiffike, ga kuɗin inshora, ga mai, ga kuma tsoron in ya faɗi shi ke nan. Cikin Lancaster 17 da suka rage a duniya, biyu kaɗai aka mayar sama: ɗaya na sojan saman Ingila, ɗaya na wani gidan tarihi a Hamilton, can gabashin Kanada, wanda masu aikin sa-kai suka yi shekara 11 a kansa kafin ya tashi a 1988. Mutanen Nanton sun san iyakar ƙarfinsu, suka tsaya a kan ƙasa.

Ba su kuwa zauna ba. A 2012 aka kawo musu wani jirgi mai suna Mosquito, watau sauro, mallakar birnin Kalgari, don a gyara shi a wurinsu tare da wata ƙungiyar masu sa-kai ta birnin. Shi wannan da katako aka yi jikinsa, falle-falle aka manna da gam, saboda haka gayyarsa ta kafintoci ce. Sai a kankare tsohon fenti a hankali, a gano inda itacen ya ruɓe, a yanke wurin, a sassaƙa sabo daidai da shi a manna, a jira ya bushe, sa'an nan a matsa gaba da taki ɗaya. An fi shekara 10 ana wannan.