Tsarin Hidima da Zanen Injiniya: Misali Daga Illela

Injiniya in ya tashi zana hanya, abin da ya saba aunawa shi ne ƙarfin ƙasa, da nauyin motoci, da inda ruwan sama zai bi. Duk waɗannan wajibi ne, amma ba su wadatar ba, domin hanya hidima ce ga mutane.

A nan ne ilmin tsarin hidima ke shigowa. A shekarar 1984 wata ma'aikaciyar banki a Amurka, Lynn Shostack, ta bayyana dabarar zana taswirar hidima, wato a bi sawun mai hulɗa da ma'aikata daki-daki, a rubuta inda yake tsayawa, da wanda yake gani, da abin da ke ɓata masa lokaci. Daga nan sai a gyara tsari, a gwada, a sake gyarawa.

Garin Illela, wanda ke kan iyaka daura da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, ya isa misali. Daga nan ne aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068, a watan Oktoba na 2024. To, falken da ya koro shanu zuwa kasuwar Lahadi yana bukatar burtali da mashaya. Direban babbar mota yana bukatar filin jira kusa da ofishin kwastan, don kada layi ya toshe gari. Mai amalanke kuwa yana bukatar wurin tsallakawa. Wanda bai zauna da su ba, da wuya waɗannan su shiga zanensa, alhali kuwa gyara a kan takarda ya fi sauƙi bisa ga fasa kankare.

Tarihi ya riga ya yi gargaɗi. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta tsaya da ƙarfinta, amma ba a saurari manoma yadda ya kamata ba. Fadamun da ke ƙasa da ita suka rasa ambaliyar da suka dogara a kanta, rigimar diyya kuma ta kai ga asarar rayuka a watan Afrilu na 1980.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ya koyi tambaya kamar yadda yake koyon lissafi. Ma'aikacin gwamnati kuma, kafin ya sa hannu a takardar kwangila, ya nemi sanin su wa aka tuntuɓa, kuma me suka ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.