Kafin a kira yaronka ganawa, an riga an binciki sunansa

Yaro ya cika takardar neman makaranta ko aiki, mu kuma a gida muka bi shi da addu'a. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, wanda takardar ta je hannunsa yana iya rubuta sunan yaron a Google, cikin minti ɗaya ya ga abin da ba a sa a takardar ba.

Me zai gani? Hotunan Facebook, bidiyon TikTok, zagin da aka rubuta cikin fushi shekarun baya, da hoton da aboki ya ɗora ya liƙa masa sunan yaron. Google yana iya tattaro abin da aka bari a buɗe. Ko hirar da aka yi a rufaffen zaure, mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hotonta ya fitar.

A 2017 Jami'ar Harvard da ke Amurka ta janye gurbin karatu daga aƙalla ɗalibai 10 saboda munanan hotuna da kalaman da suka yi ta turawa a wani zauren Facebook. Tun 2019 kuma, takardar neman bizar Amurka tana tambayar sunayen shafukan sada zumunta da mutum ya yi amfani da su cikin shekara 5. Ɓoye shafi a nan yana iya jawo a hana biza.

Akwai wata matsalar da ta fi shafar mu 'yan zango: sunayenmu suna yawan zuwa ɗaya, don haka laifin wani yana iya hawa kan ɗanka.

Mu zaunar da yaranmu, su binciki sunansu da kowane irin rubutu da ake yi masa. Abin kunya a goge shi, sauran a rufe sai abokai, amma a duba sharaɗin biza, don wata tana buƙatar a bar shafi a buɗe. Mazauna Tarayyar Turai da Birtaniya suna da damar neman Google ya cire wasu bayanansu daga sakamakon bincike, bisa hukuncin kotun Turai na 2014.

Mu iyaye ma mu daina tura hoton fasfo, katin shaida da sakamakon jarrabawar yara a zaurukan WhatsApp. Magana zarar bunu ce. Ta intanet kuwa, baƙo ne zai tsince ta ranar da ɗanka yake neman alfarma a wurinsa.