Maganin Tazarar Haihuwa da Sankarar Bakin Mahaifa: Bayani ga Jama'a

Mata da yawa a Ƙofar Dumi da sauran unguwannin Bauchi sukan tambayi ma'aikatan lafiya ko gaskiya ne ƙwayar tazarar haihuwa tana kawo sankarar bakin mahaifa. Tambayar ta dace, kuma ya kamata a amsa ta ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Da farko dai, a sani cewa wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV take haddasa kusan dukkan wannan sankara. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma namiji yakan ɗauke ta bai sani ba. Mafi yawan mata jikinsu yakan kawar da ita cikin shekara biyu. Wadda ta daɗe a jiki ita ce abin tsoro, musamman iri na 16 da na 18, waɗanda suke jawo kashi 70 cikin ɗari na sankarar. Ba magani ne yake sa wa mace wannan cuta ba.

Amma akwai magana. Wani babban bincike da aka buga a shekarar 2007, wanda ya haɗa mata fiye da 50,000, ya nuna cewa wadda ta sha ƙwaya shekara biyar ko fiye, haɗarin sankarar a gare ta ya kusa ninka na wadda ba ta taɓa sha ba. Idan ta daina, haɗarin yakan riƙa raguwa, har bayan shekara goma ya koma daidai da na kowa. Robar da ake sawa a mahaifa kuwa ba a same ta da wannan laifi ba. Kwaroron roba yana rage kamuwa, amma ba ya karewa gaba ɗaya.

Kada wannan ya sa kowa ta watsar da magani ba shawarar likita, domin haihuwa a kai a kai ita ma tana ƙara haɗarin, ban da wahalar da take jawo wa uwa. Ƙwayar kuma tana rage sankarar ƙwan mace da ta cikin mahaifa.

A shekarar 2020 mata kimanin 8,000 wannan ciwo ya kashe a Nijeriya, galibi saboda zuwa asibiti a makare. Don haka Gwamnatin Tarayya ta fara allurar rigakafi kyauta a watan Oktoba 1445 bayan Hijira, watau 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Jihar Bauchi tana cikin jihohin farko.

Ana roƙon magidanta su bar iyalinsu su je a duba bakin mahaifa, musamman wadda ta kai shekara 30 ko ta daɗe tana shan ƙwaya. Wadda ta ga jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke mata, lalle ne ta hanzarta zuwa asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.