Ƙasar Mai da Ta Daina Sayen Motar Fetur

A watan Satumbar 2024 aka fitar da alƙaluman motocin gida da ke da rajista a ƙasar Norway, sai aka ga masu aiki da lantarki zalla sun kai 754,303, masu shan fetur kuma 753,905. Tazarar ba ta kai mota ɗari huɗu ba, kuma motocin dizal, waɗanda suka kusa miliyan ɗaya, suna gaban duka biyun a lokacin. Amma ba a taɓa samun ƙasar da motar lantarki ta wuce ta fetur yawa a kan titi ba sai a lokacin. A sababbin motoci kuwa maganar ta riga ta ƙare: cikin kowace mota ɗari da aka sayar a ƙasar a 2023, 82 na lantarki ne, a 2024 kuma kusan 89.

Abin da ya sa labarin ya fi ɗaukar hankali shi ne Norway ƙasar mai ce. Tun da aka gano rijiyar Ekofisk a Tekun Arewa a 1969 take haƙo ɗanyen mai da iskar gas, kuma babu mai fin ta a Yammacin Turai. Ga ta da sanyi mai daskarar da ruwa, alhali sanyi abokin gabar batir ne, yana rage masa nisan zango. Idan da za a yi hasashen ƙasar da za ta fara juya wa fetur baya, ba ita za a fara ambata ba.

Masu sharhi da yawa suna cewa ai mutanen can ne ke da kishin muhalli. Ni ban gamsu da wannan ba. Mai sayen mota a Oslo da mai sayen mota a Kano tambayoyinsu ɗaya ne: nawa zan biya yau, nawa za ta riƙa ci mini a wata, in ta lalace wa zai gyara, in na tashi sayarwa nawa za a taya. Abin da Norway ta yi shi ne ta shafe shekara talatin tana gyara amsoshin waɗannan tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, har lissafin ya juya.

Farkon abin ma da rigima ya soma. A 1989 Morten Harket, mawaƙin ƙungiyar a-ha, da Frederic Hauge na ƙungiyar kare muhalli ta Bellona suka shigo da wata ƙaramar Fiat Panda da aka cire wa inji aka sa mata batir. Suka riƙa yawo da ita a Oslo, suna wuce shingen karɓar kuɗin hanya ba su biya, a ci su tara su ƙi biya, hukuma ta ƙwace motar ta yi gwanjonta, a sayo ta a dawo musu da ita, su koma ruwa. 'Yan jarida suka yi ta ɗauka. A 1990 aka cire wa motar lantarki harajin shigowa da rajista. A 1997 aka yafe mata kuɗin shingen hanya, a 1999 kuɗin ajiye mota a filayen hukuma, a 2001 aka ɗauke mata harajin VAT. Daga 2005 aka bar ta ta bi layin da aka keɓe wa motocin safa a duk faɗin ƙasar, daga baya aka sauƙaƙa mata kuɗin jirgin fito, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da teku ya yayyanka gaɓarta.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin nan dabarar take. Gwamnatin Norway ba ta ɗauki kuɗi ta miƙa wa mai saye ba. Dama can ƙasa ce mai lafta wa mota haraji, gwargwadon nauyinta da yawan hayaƙin da take fitarwa, tunda ba ta da wani babban kamfanin ƙera motoci na gida da za ta ji tsoron ɓata wa rai. Sai kawai ta bar wannan nauyi a kan motar fetur, har tana ƙara shi, ta ɗauke shi daga kan ta lantarki. Sakamakon shi ne mutum ya shiga wurin dillalin Volkswagen ya tarar da Golf mai batir ta fi Golf mai fetur araha, alhali a masana'anta mai batir ɗin ta fi tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya ga haka ba ya buƙatar wa'azi kan ɗumamar yanayi.

Duk da wannan gata, kusan shekara ashirin mutane ba su saya ba. Dalili kuwa motocin ba su da kyau. Ƙananan motocin da ake harhaɗawa a gida, irin su Think da Buddy, ba su ɗaukar iyali, ba su zuwa nesa, kamfanin Think ma karyewa ya yi a 2011 bayan ya taɓa zama a hannun Ford. Sai da Nissan Leaf ta iso a 2011, Tesla Model S ta biyo baya a 2013, sannan kasuwa ta motsa. A Satumbar 2013 Model S ce motar da aka fi saya a ƙasar gaba ɗaya. Rangwame bai sayar da motar banza ba, mota mai kyau kuma da ba ta samu rangwamen ba da ta tsaya a hannun masu kuɗi kaɗan. Daga nan gani ya kori ji: maƙwabci ya saya, ya wuce hunturu biyu da ita lafiya, kai ma ka daina jin tsoro.

Akwai kuma abubuwan da Allah ya hore musu waɗanda ba doka ce ta kawo ba. Kusan kashi tara cikin goma na wutarsu daga madatsun ruwa take, tana da araha, ba a ɗaukewa. Mafi yawan masu motar suna da gareji ko fili a ƙofar gida, su jona da dare su kwanta, da safe su tarar ta cika. Wuraren caji na kan hanya don doguwar tafiya ne kawai. Tsarin bai rasa masu suka ba, kuma suna da hujja: wanda ya fi cin moriyar yafe haraji shi ne mai sayen mota mafi tsada, layin safa kuma ya cika da motocin masu hali har safar kanta ta rasa hanya. Shi ya sa a 2023 aka dawo da VAT a kan abin da ya haura kuroner 500,000 na kuɗin mota. An janye gatan ne kaɗan-kaɗan, bayan mutane sun riga sun saba.

Jamus ta nuna abin da ke faruwa idan aka yi akasin haka. Ita kuɗi take ba mai saye kai tsaye. A tsakiyar Disambar 2023, bayan wani hukuncin kotun tsarin mulki ya huda kasafin kuɗinta, ta sanar da rufe tallafin cikin 'yan kwanaki, har da waɗanda suka riga suka yi odar mota suna jiran ta iso. A 2024 cinikin motar lantarki a Jamus ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, daga sama da 520,000 zuwa kimanin 380,000. Bajamushe bai daina damuwa da muhalli cikin dare ɗaya ba, lissafi ne ya canza.

Tambayar da aka fi mantawa da ita ita ce ta ranar sayarwa. Lokacin da Tesla ta yi ta zabge farashin sababbin motocinta a 2023, darajar na hannu ta rushe tare da su. A Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz a Amurka ya ce zai sayar da motocin lantarki kimanin 20,000 daga cikin nasa, yana kuka da faɗuwar darajarsu da tsadar gyara idan an yi karo. Wanda ya sayi mota da bashin banki, ya ga ta zube rabin kuɗinta kafin ya gama biya, ba zai ba ƙaninsa shawarar ya saya ba. Wannan ma ba shi ne karo na farko da farashi ya kayar da motar lantarki a Amurka ba. Wajen 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin ƙasar masu batir ne. Ford ya fito da Model T a 1908, zuwa 1912 ana sayar da ita dala 650 yayin da mai batir ke kai 1,750, a shekarar kuma Cadillac ta zo da makunnin lantarki wanda ya raba direba da wahalar murɗa inji da hannu. Shi ke nan mai batir ta ɓace kusan ƙarni guda.

Ƙasar Sin ce ta ɗauki matsalar daga tushe, wato kuɗin batir, wanda shi ne mafi tsadar abu a jikin motar. Daga 2010 zuwa 2024 farashinsa a duniya ya sauka da kusan kashi 90 cikin ɗari, kuma kamfanonin Sin irin su CATL da BYD ne ke kan gaba. A 2024 BYD na sayar da ƙaramar motarta Seagull a gida kan kimanin yuwan 70,000, wajen dala dubu goma. A 2024 an sayar da motoci masu caji kimanin miliyan 17 a duniya, fiye da miliyan 11 a Sin kaɗai, ko da yake wannan adadi ya haɗa da masu batir da inji tare. Amurka ta amsa da ɗora wa motocin lantarkin Sin harajin fito na kashi ɗari bisa ɗari, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata. Ma'ana gwamnatocin da ke roƙon jama'arsu su sayi motar lantarki su ne kuma suka tare ƙofa ga mafi araharta, don kare masana'antunsu. Kowa ya ga dama ya ba su uzuri, amma kada a ɗora wa mai saye laifin jan ƙafa.

Habasha ta bi ta gajeriyar hanya. A farkon 2024 ta hana shigo da motocin gida masu fetur da dizal gaba ɗaya. Hujjarta ta kuɗin waje ce: ba ta haƙo mai, biliyoyin daloli take kashewa duk shekara wajen sayo shi, ga kuma wutar madatsar ruwa mai araha, musamman babbar madatsar da ta gina a kan Kogin Nilu mai ƙarfin megawat fiye da 5,000. Motocin Sin sun cika Addis Ababa, amma wuraren caji da kanikawa da kayan gyara ba su bi su da wannan saurin ba, kuma kusan rabin 'yan ƙasar ba su da wuta a gida. Wanda aka hana wa zaɓi ba za a ce ya karɓa ba tukuna.

Mu a nan Nijeriya maganar ta shigo mana ne ta ƙofar tsadar mai. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mota matsakaiciya kan sha lita takwas a kilomita ɗari, wato naira 8,000 ke nan a wancan farashi. Takwararta mai batir kan ci yunit 18 ko kusa da haka, a farashin wutar 'yan rukunin Band A na naira 225 da aka sanya a Afrilun 2024 kuɗin bai wuce 4,000 da 'yan kai ba. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba kafireto. A takarda ta ci riba. Sai dai lissafin yana tsaye ne a kan cewa akwai wutar. Wanda zai tayar da janareta ya yi caji ya ƙona fetur ɗin da ya gudu, ya kuma yi asarar wani kaso a hanya. Shi ya sa yunƙurin da ake gani a Arewa ya fi jingina da hasken rana. Hukumar kula da ƙera motoci ta NADDC, a zamanin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ta buɗe tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir. A ganina masu abin hawan haya, direban bas da ɗan adaidaita sahu da ɗan acaɓa, su ne za su riga kowa, domin su ne ke zuba mai kullum, kuma zangonsu gajere ne, a cikin gari.

Mai motar gida kuwa matsalarsa daban ce, domin mu ba sabuwa muke saya ba, 'yar Kwatano muke saya, wadda ta yi shekara goma ko fiye a hannun wani. Ka je wurin dillalai ka ga yadda ake ciniki. Mai saye ya zo da bakanikensa, a buɗe bonet, a zaro sandar baƙin mai a murza a yatsa, a tayar da inji a kasa kunne, a taka totur a leƙa salansa a ga ko hayaƙin fari ne ko shuɗi. Cikin minti goma bakanike ya ce “Alhaji, injin nan lafiya lau,” ko ya ja shi gefe ya ce su tafi. In ma an yi kuskure, akwai injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Motar lantarki ba ta da ƙarar da za a saurara. Lafiyarta tana cikin batir, shi kuma kamar na waya yake, yana tsufa a ɓoye, sai an jona kwamfuta ake sanin abin da ya rage masa. Garantin da kamfanoni ke bayarwa yawanci shekara takwas ne ko kilomita 160,000, wato daidai lokacin da motar za ta kamo hanyar zuwa wurinmu ya ƙare. Ga zafi: a 2012 masu Nissan Leaf ta farko a jihar Arizona ta Amurka sun yi ta ƙorafin batirinsu na raguwa da wuri, saboda ba shi da ruwan sanyaya shi, kuma zafin Arizona bai fi na Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu da wani abin kirki ba. Motocin yanzu sun fi jurewa, amma tsofaffin ne za su fara isowa.

Tarayyar Turai ta yi dokar da za ta tilasta wa kowane batirin motar lantarki ya zo da takardar shaidarsa ta intanet daga Fabrairun 2027, wadda za ta nuna abin da aka haɗa shi da shi da kuma lafiyarsa. Motocin da za su fara ɗaukar wannan shaida ba za su sauka tashar Kwatano ko Legas a matsayin na hannu ba sai wajen tsakiyar shekarun 2030. Kafin nan, duk wanda zai sayi tsohuwar motar lantarki a Kano ko Kaduna zai dogara ne da maganar dillali, sai fa in an samu kanikawan da suka koyi auna batir suka kuma mallaki na'urar yin hakan.