Kafin ka sayi manhajar hasashen farashi, auna ta da farashin yau

Daga Bantama, Kumasi

Tun a shekarun 2000 kamfanin Esoko ya fara aika wa manoma da 'yan kasuwar Gana farashin kaya ta saƙon waya. Yanzu kuwa har akwai manhajojin da ke alƙawarin faɗa maka farashin makon gobe. To, yaya mai albasa ko ɗan canjin sidi da sefa a Paga ko Aflao zai gane ta gaskiya?

Masana lissafi suna da ma'auni. Kafin su yarda da kowace sabuwar dabara, sai sun gwada ta da hasashe mafi sauƙi. Na farko, a ce farashin gobe zai zama kamar na yau. Na biyu, a ɗauki matsakaicin farashin watannin baya. Na uku, a duba na bara warhaka, wanda ya fi dacewa da kaya irin albasar Galmi, mai araha lokacin girbi, mai tsada idan rumbuna suka yi ƙasa. Manhajar Weka ta Jami'ar Waikato da ke Niyu Zilan ma tana ɗauke da irin wannan ma'auni mai suna ZeroR, wanda matsakaici kawai yake bayarwa.

Kada a raina wannan lissafi. A 1983 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Meese da Rogoff, sun gano cewa manyan dabarun hasashen canjin kuɗi ba su fi "gobe kamar yau" dacewa ba.

Sai dai shi ma yana da iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, da aka rufe iyakoki, motocin albasa sun maƙale a hanya, farashi ya yi tashin gwauron zabi a Gana. Lissafin bara bai hango wannan ba.

Saboda haka, Alhaji, samu littafi. Kowace ranar kasuwa rubuta abu uku: farashin yau, hasashen manhaja, da farashin da aka tarar a mako mai zuwa. Bayan wata uku ka duba wanda ya fi kusa. Idan manhajar ba ta doke farashin yau ba, riƙe kuɗinka, ka ƙara buhu.