Jirgin Ƙasa Da Kukan Fasinja A Ƙasar Gaya

Tun ran da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, hanyarsa ba ta ratsa ƙasar Gaya ba. Ko da aka ja reshe zuwa gabas, wanda ya kai Nguru cikin 1930, ta arewa aka bi da shi, ta Zakirai da Ringim da Malam Madori. Saboda haka falken Gaya ko na Ajingi, in yana bukatar jirgi, sai ya laɓta wa jaki kaya ya nufi ɗaya daga tashoshin nan, ko kuwa ya bi ta Wudil ya shiga birni.

Isa tasha kuma ba shi ne samun wuri ba. Don gyaɗa aka shimfiɗa hanyar Nguru, fasinja cikon kaya ne kurum. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi da taragai suka yi ƙaranci, har buhunan gyaɗa suka taru a Kano, aka yi ta jera su dala dala suna jiran ɗauka. To, in gyaɗar da Gwamnati ke cin kuɗinta za ta shekara tana jira, ina ga talaka mai ɗan tikitinsa? Jirgi ya makara, in ya zo a tarar ya cika maƙil, ɗan kayan da mutum ya ɗauko a ce ya wuce awo. Malamin da ya tashi da almajiransa bayan kaka ya fi kowa sanin wannan, don shi ba wurin mutum guda yake nema ba.

Wa za a kai wa kuka? Cikin 1955 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka danƙa mata jirage da tashoshi da tsara lokatan tafiya. Watau ita ce mai jirgi, ita ce kuma wadda ake kai wa ƙarar jirgi. Gwamnati ta leƙa cikin sha'aninta, ba a ce ba ta leƙa ba. Cikin 1960 an naɗa kwamitin bincike na Dokta Elias, bayan juyin mulkin 1966 kuma aka naɗa na Mai Shari'a Adefarasin. Amma kuɗi da shugabanci da ma'aikata suka fi dubawa. Cikin 1979 aka kirawo Indiyawa suka riƙe ragamar har 1982, alhali tuni fatake sun koma ga manyan motoci.

Yanzu maganar ta zo ƙofar gida. A watan Fabrairu na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin hanyar Kano zuwa Maradi, wadda aka tsara mata reshe zuwa Dutse, da tasha a Gaya. A watan Maris na 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon yin tasu hanyar jirgi. Sai dai gyaran nan bai kafa wata hukuma dabam mai sauraron ƙarar fasinja ba.

Ya kamata wakilan Gaya da Ajingi su nemi amsa tun da wuri, a rubuce: sau nawa jirgi zai tsaya Gaya a mako, nawa za a biya wa buhun hatsi, kuma wane ofis ne falke zai dosa ran da kayansa suka salwanta.