Gyaran Rufin Mota: Kafin Ka Bi Mai Araha, Tambaye Shi Aikin Da Zai Yi

Tun da 'yan sanda suka fara tsananta binciken takardar inshorar mota a ranar 1 ga Fabrairun 2025, wata magana ta kama bakin direbobi daga Katsina zuwa Jibiya har Magama: wai tunda an tilasta wa kowa biyan naira 15,000, duk abin da ya sami mota kamfani ne zai gyara. Na ji wannan magana da kunnena a Gangara, daga bakin wani ɗan'uwana da iskar farkon damina ta karyo reshen dogon yaro ta ɗora a kan Golf ɗinsa. Rufin ya lotsa daga tsakiya zuwa gefen direba, gilashin gaba ya tsage daga kusurwa. Ya ɗauko takardarsa cike da tabbacin an gama magana.

Ba haka abin yake ba. Inshorar da hukumar inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ta ɓarnar da ka yi wa wani ce. In ka bugi motar mutum ko katangarsa, tana biya har zuwa naira miliyan 3. Taka motar kuwa ba ta cikin lissafi, sai in cikakkiyar inshora ka yanka, ko irinta ta kamfanonin takaful. Da jami'an da ke tsayawa kan hanya suna karɓar takarda za su riƙa faɗin wannan jimla ɗaya, da an rage wa talakawa rigima mai yawa. An koya wa mutane cewa dole ne su biya, ba a koya musu abin da suka saya ba.

To, da ɗan'uwana ya gane aljihunsa ne zai yi magana, sai ya yi abin da kowane mai hankali zai yi: ya zaga gareji uku. Na farko ya shafa rufin da tafin hannu, ya ce, "Alhaji, kwana biyu ka zo ka ɗauka." Na biyu ya nemi ninkin kuɗin na farko. Na uku, wani dattijon fanal-bita a Katsina, ya ƙi faɗin komai sai da ya sa yaransa suka sauke silin ɗin cikin motar, ya leƙa da tocila, sannan ya ambaci kuɗin da ya ninka na farko kusan sau huɗu. Hukuncin da aka yanke a majalisa da dare shi ne na farko mai tsoron Allah ne, na uku kuma ya ga baƙo yana so ya yanke shi.

Wannan hukunci ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin kuskure ne da ake biya da rai. Mutum ukun nan ba aiki ɗaya suka yi wa farashi ba. Kamar ka tambayi magina uku kuɗin gyaran soron da ya tsage ne: ɗaya yaɓe zai yi a kan tsagar, ɗaya zai cike ta, ɗaya zai sauke rufin ya canza azarar da ta karye. In ka jera kuɗinsu ka zaɓi ƙarami, ba kwatance ka yi ba.

Rufin mota hawa biyu ne. Abin da ido ke gani fallen ƙarfe ne siriri, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. A ƙarƙashinsa akwai sandunan ƙarfe da suka gitta daga gefe zuwa gefe, su ne azarar. Waɗannan suna zaune a kan ginshiƙai: biyu a gefen gilashin gaba, biyu a tsakanin ƙofofi, biyu a baya. A motocin zamani har gilashin gaba manne shi ake yi da wani danƙo mai ƙarfi, don shi ma yana cikin masu riƙe rufin. Duk wannan ba don ruwan sama aka yi shi ba, don ranar da mota za ta kife ne. A Amurka, inda Camry da Corolla da yawa da muke hawa suka fito, tun 1973 doka ta ce rufin ƙaramar mota ya jure nauyin motar sau ɗaya da rabi ba tare da ya nutsa fiye da inci biyar ba, a 2009 kuma aka ɗaga zuwa sau uku. Wannan 'yar tazara da ke tsakanin kan fasinja da rufi, ita ake karewa.

Saboda haka tambayar farko ba "nawa ne" ba ce. Tambayar ita ce: ɓarnar ta tsaya a falle, ko ta kai azara da ginshiƙi? Babu mai iya amsawa da shafa hannu daga waje. Sai an sauke silin. Akwai kuma alamun da kai ma za ka gani: ƙofar da a da take rufuwa da yatsa yanzu sai an buga, tazarar saman ƙofa ta fi faɗi a gefe ɗaya, gilashi ya tsage daga kusurwa ba tare da dutse ya same shi ba. Motar ɗan'uwana ta nuna biyu daga ciki. In falle ne kawai ya lotsa, aikin ƙaramin kuɗi ne, mai araha ma zai iya yin sa da kyau, kuma babu dalilin da za a caje ka kuɗin sabon rufi. In ginshiƙi ya goce, magana ta canza gaba ɗaya.

A nan ne wuta ke shigowa, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Hanya mafi sauri ta miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe ita ce a kunna waldar gas a gasa shi ya yi ja, a buga. Zai miƙe, ido zai gamsu. Amma ginshiƙan motocin zamani da ƙarfe na musamman ake yin su, wanda ƙarfinsa ya dogara ga yadda aka dafa shi aka sanyaya a masana'anta. Da zarar an sake gasa shi, wannan ƙarfi ya tafi, kuma ba ya dawowa. Kowane manomi a Gangara ya san addar da gobara ta ci: siffarta na nan, amma ko ka wasa ta, sara biyu bakinta ya naɗe. Maƙeri ya san dalili, shi ya sa yake da lokacin da yake tsoma ƙarfe a ruwa. Ko ka ɗauki gwangwanin madara ka tsaya a kansa da ƙafa ɗaya, zai iya ɗaukarka. Ka ɗan lotsa gefensa ka miƙe da yatsa ka sake hawa, nan take zai durƙushe a daidai wurin. Ko ƙafar da aka yi wa ɗori a karkace: mutum na tafiya, amma ranar da gudu ya kama, a nan za ta ba shi kunya. Ginshiƙin da aka gasa haka yake. Zai kai ka Ɗan Isa da Maraɗi ya dawo da kai shekara da shekaru, sai ranar da taya ta fashe mota ta juya, ranar da ake bukatarsa.

Haka nan masu yanko rufi sukutum daga matacciyar mota, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko wani wuri, su jona a tsakiyar ginshiƙai. Rufin gwanjo ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi wanda aka sha bugu. Matsalar inda aka yanka ne da yadda aka haɗa. Ginshiƙi ƙarfe ne hawa-hawa, in aka yi waldar na waje kawai aka bar na ciki a yanke, an yi wa motar hula ce, ba rufi ba. Ka tambaya a ina za a yanka, kuma ka ce a kira ka ka gani kafin a rufe.

Abu na biyu da ke raba farashi shi ne bodi-fila, ƙullin nan da ake cike rami da shi. An yi shi ne don share ƙananan tabo bayan an gama bugu, shafe siriri. Mai gaggawa kuwa bugu kaɗan zai yi, ya cika sauran ramin da fila, ya goge da sanfefa, ya fesa fenti. Ranar karɓa motar kamar amarya. Amma rufi shi ne inda rana ta fi duka, kuma a yankinmu zafin Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, balle kan ƙarfe. Ƙarfe na buɗewa yana tsukewa, fila ba ta bin sa daidai, sai ta tsage, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci daga ciki. Gwajin mai sauƙi ne: maganaɗisu ƙarami a cikin ƙyalle, ka bi rufin da shi. Inda ya ƙi kamawa, ƙulli ne mai kauri a wurin. Masu sayen motar hannu ma su riƙe wannan.

Sai fenti da kuɗin kaya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, fenti da fila da danƙon gilashi duk sun yi tsada, don galibinsu shigo da su ake yi. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai yana nufin an tsallake wani abu, ko fentin ƙasa mai hana tsatsa, ko danƙon gilashi na gaske. Masu tsallakawa Maraɗi neman sauƙi su tuna da jakar sefa suke ciniki, a mayar da ita naira a kan canjin ranar, a ƙara mai da zirga-zirga. Iyakar ma ba ta da tabbas: an rufe ta a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin da aka yi a tsallaken iyakar a Yulin 2023. In aiki ya ɓaci, komawa ƙorafi ba koyaushe yake yiwuwa ba.

Ba na cewa mai tsada shi ne mai gaskiya. Akwai wanda zai ce a canza rufi alhali bugu ya isa. Maganinsu duka ɗaya ne: a rubuta. Kowa ya raba maka kuɗin kaya da kuɗin hannu, ya faɗi abin da zai buga da abin da zai canza, ko zai cire gilashi, ko zai sa wuta a ginshiƙi, kwana nawa, kuma in fenti ya kumbura cikin wata shida wa zai ɗauki nauyi. In bai iya rubutu ba, ya faɗa a naɗa a waya gaban shaida. Ƙungiyar makanikai ta NATA da ƙungiyar direbobi za su iya fito da takarda guda mai sauƙi da Hausa don wannan, kuma ban ga abin da ya hana ba.

Dole in faɗi wata gaskiyar da ba a so. Yawancin rufin da ke lotsewa a hanyar Katsina zuwa Jibiya ba itace ke faɗo musu ba, mu muke lotsa su. Abin da masu ƙera ƙananan motoci suka yarda a ɗora a sama bai wuce kilo 50 zuwa 100 ba, har da nauyin kariyar kanta. Babban buhun masara ɗaya ya cinye wannan. Ranar kasuwa kuwa sai ka ga Golf da buhu huɗu a ka, ga mutane cike a ciki, tana wuce shinge bayan shinge babu mai cewa a sauke. Kayan sama su ne ke sa mota saurin kifewa, su ne kuma suka riga suka gajiyar da rufin da zai kare mutane in ta kife.

Ɗan'uwana dai ya koma wurin dattijon, ya kalli sandar da ta karye da idonsa, ya sayar da tumaki biyu ya cika kuɗin. Kai ma in rufin motarka ya samu matsala, kada ka ba da kafin alƙalami sai an sauke silin a gabanka, ka ɗauki hoton abin da ke ciki, sannan ka je wurin na biyu da na uku da hoton a hannu.